Shafi Uku Da Makullin Sito

Akwai wani yaro da nake so ku ji labarinsa yau, jama'ar wannan shafi, musamman ku da 'ya'yanku suka kai shekarun ganin sun fi kowa sani. Shekararsa goma sha shida, saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare. A makaranta Farfesa ake ce masa. Da tsokana aka laƙaba masa sunan, shi kuma ya ɗauka da gaske.

Ƙwaƙwalwa kam yana da ita, ba za a ƙwace masa ba. Matsalar ita ce ya san yana da ita, kuma yana kallon sauran mutane kamar sun zo duniya rakiya.

Abu biyu yake so: fina-finan ban tsoro, da littattafan bincike, irin waɗanda ake kashe mutum a shafin farko ba ka san wanda ya yi ba sai shafin ƙarshe. Abu ɗaya kuma ya tsana kamar ransa zai fita, wato wasannin makaranta.

Ba ya ɓoyewa. Ko abinci ake ci a gida sai ya kawo zancen.

"Fim ɗin ban tsoro yana koya wa mutum dakiya," in ji shi wata rana, yana nuna ƙanwarsa da cokali. "Ni yanzu babu abin da zan gani in firgita. Littafi kuma yana koya maka lura, ka ga abin da kowa bai gani ba. To gudu fa? Ka tashi daga nan, ka zagaya, ka dawo inda ka taso kana haki. Akuya ma tana yi, kuma ba a ba ta kofi."

Ƙanwar tasa, Auta, ta harare shi. "Yaya, kai da ko hawa bene ka yi sai ka dafa bango?"

"Ni da kai nake aiki."

"To kan ya riƙa ɗaukar ka mana."

Mama tana kan keken ɗinki a gefen falo, ta yi dariya har zare ya tsinke mata.

Auta shekararta goma sha uku, kuma duk ƙananan azuzuwa babu yarinyar da ke kamo ta a gudu. Sai dai tana da ciwon asma tun tana ƙarama. Likita bai hana ta gudu ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: maganin shaƙarta ya kasance kusa duk inda za ta yi gudu. Shi ya sa a farkon zango Mama ta ɗauki ɗaya ta kai wa malamin wasanni da hannunta, ya saka a akwatin agajin gaggawa na makaranta.

Da ta dawo ta faɗa a falo, a gaban kowa. Farfesa yana wurin, amma ya toshe kunnuwansa da wayoyin sauraro yana kallon fim ɗin wata mata da ke fitowa daga rijiya. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Malamin wasannin nan, ɗalibai suna ce masa Mai Usur, domin ko gaisuwa zai amsa sai ya busa. Ni ban wanke shi ba a labarin nan. Mutum ne mai tsawa, wanda ya yi imani duk yaron da ya gani da littafi a lokacin wasa malalaci ne. Da iska ta yaye rufin tsohon sitonsa, sai shugaban makaranta ya sa aka tattara littattafan ɗakin karatu a kwalaye, aka tura su lungu, aka ba Mai Usur ɗakin ya zuba ƙwallaye da raga. Ya sa masa ƙofar ƙarfe da wani ƙaton kwaɗo.

Tun daga ranar wuta ke ci a ran Farfesa. Kuma a wannan kam yana da gaskiya, domin wauta ce a kulle littafi a buɗe wa ƙwallo ɗaki.

Ana saura kwana uku gasar wasanni ta shekara, an fito fili ana atisaye. Farfesa ya lallaɓa bayan aji ya zauna da wani littafi da ya kwashe mako guda yana ci. Saura shafi uku. Mai binciken ya tara duk mutanen gidan a ɗaki ɗaya, ya buɗe baki zai faɗi sunan wanda ya yi kisan.

Sai aka fizge littafin daga sama.

"Tashi!" Mai Usur ya busa masa usur a kunne. "Kowa yana zufa, kai kana nan kana ƙyanƙyasar ƙwai?"

"Malam, don Allah shafi uku ne ya rage."

"Ko layi uku ne. Sai ƙarshen zango ka gan shi."

Ya ja shi har tsakiyar fili. Wani dogon yaro da ake ce wa Dogo, kyaftin ɗin masu gudun ba da sanda, ya kasa riƙe dariyarsa. Farfesa ya juya kan Dogo.

"Kai me kake wa dariya? Kai da Allah ya ba ƙafa ya hana kai? Da za a buɗe kanka, iska za a tarar."

Dogo ya sunkuyar da kai, domin kowa ya san ya maimaita aji.

Mai Usur ya ce, "Tunda ƙafa ba komai ba ce, zagaya fili sau uku mu gani."

Zagaye ɗaya da rabi Farfesa ya yi, ya zube a kan gwiwoyinsa yana neman amai. Makaranta ta ɗauki ihu, har 'yan ƙananan aji. Ya ɗago ya ga Auta ta rufe fuskarta da hannu don kunya. Ya kuma ga Mai Usur ya shiga sito da littafinsa, ya fito hannu wayam, ya danna kwaɗo.

Ranar bai ci abinci ba. Ya zauna a ɗaki yana tafasa, yana shirya abin da a ganinsa babu mai binciken da zai gano.

Ya san wata ɗabi'a ta Mai Usur. Makullin sito yana jikin igiyar usur ɗinsa a wuya, kuma ba ya cire igiyar sai in ya gama atisaye ya je famfon bayan ofis wanke fuska. Sai ya rataye ta a ƙusar bango, ya sa sabulu, ya rufe ido yana waƙa.

Ana gobe gasa, da aka tashi, Farfesa ya laɓe a wurin. Malam ya sa sabulu, ya fara waƙa. Kafin ya kai amshi, makulli ya bar igiya.

Ya jira har fili ya watse, sannan ya buɗe sito. Yawancin kayan an riga an fitar da su don gobe. Littafinsa yana kan tebur, an danne shi da wani farin akwati mai jan tambari. Ya ɗaga akwatin da hannunsa biyu, ya zare littafin, ya mayar da akwatin yadda yake don kada a gane an taɓa. Wannan yaro mai cika bakin yana ganin abin da kowa bai gani ba, bai ko tambayi kansa me ke cikin akwatin ba.

Ya fito ya kulle. Sai ya tsaya yana jujjuya makullin a hannu.

Yaro mai hankalin yau da kullum da sai ya yar da shi a gindin famfo, Malam ya tsinta da safe ya ce faɗuwa ya yi. Amma Farfesa ya karanta littattafai da yawa. A cikinsu, mai laifi iri biyu ake kamawa: wanda aka samu da shaida a jikinsa, da wanda ya koma inda ya yi laifin. Don haka ba zai riƙe ba, ba zai kuma koma famfo ba. Ya wuce bayan makaranta, ya saki makullin a ramin masai. Ya ji faɗuwarsa can ƙasa, ya yi murmushi, yana hango yadda Mai Usur zai yi ta lalube igiyar wuyansa.

A hanyar gida ya karanta shafi ukun nan. Ashe mai dafa abinci ne ya yi kisan, kamar yadda ya zata tun tsakiyar littafi. Ya yi tsaki ya cusa shi a jaka.

Da safe Auta ta girgiza maganin shaƙarta, ta ji babu komai a ciki.

"Mama, ya ƙare."

"Ba komai, ai akwai na wurin Malam. In na kai ɗinkin nan zan biyo miki da sabo."

Farfesa yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran ta, wayoyi a kunne.

Shi ma Mai Usur tun jiya ya lura makulli ya ɓata. Ya duba, bai gani ba, ya ce tunda kaya suna waje, bayan gasa a kira mai walda ya yanke kwaɗon. Akwatin bai ko faɗo masa a rai ba. Babba da shi, da amanar ɗiyar mutane a hannunsa.

Makaranta ta cika. Iyaye da baƙi sun jera motoci tun daga bakin ƙofa har titi, kowa ya toshe na bayansa. An yanke ciyawa, an zuba farar ƙasa a layuka, ƙura tana tashi duk inda aka taka. Farfesa ya samu inuwa ya harɗe hannu, yana taɓe baki.

Aka kira gudun 'yan mata na zagaye ɗaya. Auta ta tashi ta uku, a kwana ta biyu ta wuce ɗaya, a miƙaƙƙen layi ta wuce ɗayar. Ta tsinka zare mutane suna ihu. Ta juya tana neman yayanta da ido, tana dariya.

Sai dariyar ta tsaya. Ta dafa gwiwoyi. Ta dafa ƙirji. Ta zauna a ƙasa.

Ko kafin Farfesa ya kutsa cikin taron, ya ji sautin. Wani siririn fito ne ke fita daga ƙirjinta, kamar ana jan iska ta cikin tsinke. Kafaɗunta suna hawa da sauka, idanunta sun firfito, leɓɓanta sun fara canja launi. Ya ga an yanka mutane a fim, ya ga an tono gawa, yana cin gyaɗa. Amma wannan ƙanwarsa ce, kuma babu inda zai danna ya tsayar.

"Akwati!" Mai Usur ya yi tsawa. "Maganinta yana akwati, a sito!"

Hannunsa ya tafi wuya da kansa. Usur kaɗai ya kamo. Farfesa yana kallo fuskar mutumin ta sauya.

A lokacin ne ya gane farin akwatin da ya ɗaga da hannunsa.

Aka ruga da dutse, wani ya kawo guduma daga wurin mai gadi. Kwaɗon ya ƙi ko gezau, domin Malam da kansa ya zaɓi wanda ba ya fasuwa. Malam ya dawo a guje, muryarsa ta dishe.

"Don girman Allah, duk wanda ya tsinci makulli ya kawo! Wallahi ba zan taɓa shi ba!"

Farfesa ya yi shiru. Kuma wannan shirun ne ya fi ba ni haushi a duk labarin. Ƙanwarsa tana fafutukar numfashi a gabansa, shi yana lissafin abin da za a ce da shi. Malamai biyu har sun durƙusa suna lalube ciyawa. Auta ta ɗago ido ta dube shi, ta motsa baki tana son cewa Yaya, iska ba ta isa ba.

"Malam, kada ku nema," in ji Farfesa. "Ni na ɗauka. Na jefa a masai."

Mai Usur ya dube shi daƙiƙa ɗaya. Bai mare shi ba, babu lokacin. Ya juya ya ce a kawo mota. Aka ce duk an toshe juna, masu motocin sun bazu cikin taro.

Farfesa ya faɗa kan Auta zai kwantar da ita, yana ihun a kawo ruwa a yayyafa mata, yadda ya saba gani a fim. Wani dogon hannu ya ture shi gefe.

"Kada ka kwantar da ita!" Dogo ne. "A zaune ake barin ta, ta ɗan sunkuyo gaba. Malam ya koya mana. Ku matsa ku ba ta iska!"

An koyar da wannan a fili tun watan jiya. Ranar Farfesa yana bayan aji.

Akwai ƙaramin asibiti a ƙarshen titin makarantar, tafiyar minti goma sha biyar ga mai tafiya a hankali. Dogo ya fizgo kujerar roba daga rumfar baƙi, suka ɗora Auta a zaune. Ya kira sauran ukun da suke gudun ba da sanda tare, waɗanda saura minti kaɗan a kira tserensu na ƙarshe, wanda suka shekara suna shiri dominsa.

"Biyu biyu," ya ce. "In na ce canji, ku karɓa ba tare da an tsaya ba."

Suka ɗaga kujerar suka fita ta tsakanin motoci. Mai Usur yana gefe yana gudu, hannunsa a bayan Auta, yana cewa, "A hankali, 'yata. Ja ta hanci. Saki. Ina nan."

Farfesa ya bi su. Ya yi gudu da duk abin da yake da shi. Bai kai rabin titin ba wani abu ya soke shi a haƙarƙari, ƙafafu suka yi nauyi, ido ya fara ganin duhu. Ya ji muryar Dogo daga nesa tana cewa, "Canji!" Ya ga kujerar ta sauya hannu ko girgiza ba ta yi ba. Ya rungume sandar fitilar titi yana haki, yana kallon yaran da ya kira marasa kai suna ƙara nisa da ƙanwarsa.

Da jan ƙafa ya isa. Ya tarar da su huɗun zube a barandar asibiti, rigunansu sharkaf, an riga an shiga da Auta. Babu wanda ya dube shi.

Bayan kusan awa ɗaya nas ta fito ta ce numfashi ya dawo, amma za a riƙe ta kwana biyu. Ta ƙara da cewa da an ƙara 'yan mintuna, da wani zance ake yi.

Mama ta iso da tef ɗin awo a wuya, takalmi wari daban-daban, sabon maganin shaƙa a hannunta. Mai Usur ne ya fara tare ta.

"Mama, laifina ne. Tun jiya na san makulli ya ɓata, ban sa an yanke kwaɗon ba. Kin ba ni amana na yi sakaci."

"Wa ya ɓatar da makullin?"

Dogo ya kalli ƙasa. Farfesa ya tashi ya faɗa mata komai, tun daga famfo har masai.

Mama ba ta ɗaga murya ba da farko. "Me ka shiga ɗauka?"

"Littafina."

"Littafi."

"Shafi uku ne ya rage, Mama."

Nan ta fashe. "Shafi uku! A gabanka na faɗa na kai maganinta wurin Malam! A gabanka yau da safe ta ce nata ya ƙare! Kana ina? Kullum kai ne mai lura, kai ne mai kai, kowa jaki ne. Ga jakunan nan, su suka ɗauko mini 'yata a kafaɗa! Kai me ka ɗauko?"

Farfesa ya je gaban Dogo ya tsaya, ya roƙe shi ya yafe masa. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba don kai na yi ba. 'Yar ƙungiyarmu ce."

Makaranta ta dakatar da Farfesa mako biyu. An yanke kwaɗon, aka mayar da akwatin ofis inda ba a kullewa. Mai Usur da kansa ya je wurin shugaba ya ce a fitar da littattafai daga kwalaye, a nema wa ƙwallaye wani wuri. Amma duk wannan bai taɓa Farfesa ba kamar abin da ya faru ranar da aka sallamo Auta.

Mama ta tattara takalman gudunta da rigar wasa, ta saka a leda, ta ɗora a saman kabad. "An gama," ta ce. "Ba zan sake ba kowa amanar numfashinki ba."

Auta ba ta yi gardama ba. Ta zauna a bakin gado tana kallon ledar. Da yayanta ya shigo da kofin ruwa, ta karɓa, ta ce a hankali, "Ka huta, Yaya. An daina gudun akuya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mako uku yana bin Mama. In tana ɗinki ya zauna a ƙasa yana sa mata zare a allura, yana roƙo. Ta ce babu malami, babu akwati, babu wanda za ta sake yarda da shi. A ƙarshe ya ce, "To ki ba ni. Ni zan riƙe."

Ta tsayar da keke. "Kai? Kana inuwa da littafi?"

"A'a. Kusa da ita."

"Likita ya ce maganin ya kasance inda take. In tana wancan gefen fili fa?"

Ya ce, "Zan bi ta."

Yanzu duk ranar atisaye, in 'yan mata suka tashi, za ka ga wani siririn yaro a layin ciki yana bin su, yana haki, hannunsa na dama a dunƙule da maganin shaƙa. Har yau yana kallon fina-finansa, yana karanta littattafansa, amma in ana magana a gida yana cire wayoyin daga kunne. Dogo ne ke koya masa yadda ake jan numfashi. Bai taɓa kamo Auta ba, kuma ba zai kamo ta ba. Sai dai duk kwanar da ta sha sai ta waiwayo, kuma duk waiwayen da ta yi tana ganin sa.

Darasi: Kada abin da ka iya ya sa ka raina abin da wani ya iya, domin ranar da rai ke hannun Allah ba ka san ko kai za a buƙata ko ƙafa ba. Fushi kuma, ko kana da gaskiya, in ka rama a ɓoye ba kai ke zaɓar wanda zai faɗa wa ba. Iyaye da malamai, ku daina wulaƙanta yaro a gaban jama'a, ku kuma daina ɗage gyaran da ya shafi lafiya zuwa gobe. Ku tura wannan labarin ga duk matashin da ya toshe kunnensa a gida, da duk malamin da aka ba amanar ɗan wani.